Ƙuri'ar Delphine Mai Gyaran Gashi

A garinmu Brasna, can tsakiyar gonakin masarar jihar Nebraska, ba a taɓa jin Delphine Vrba ta yi musu da kan da ke ƙarƙashin hannunta ba. Shagonta na gyaran gashi falon gidanta ne, a bakin babban titi, yana kallon kantin magani. Kujeru biyu ne a ciki, sai madubi, sai injin busar da gashi mai kama da tukunyar da aka kife wa mutum a ka, wanda in ya fara ruri dole mace ta ɗaga murya, sirrinta ya fita har titi. Da safe wata za ta zauna ta ce uwar mijinta ta hana ta sakat, Delphine ta ja tsaki ta ce, "Ai kuwa." Da rana uwar mijin ta zo ta ce matar ɗanta ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, Delphine ta girgiza kai ta ce, "Ai kuwa." Kowacce ta fita da gashi a nannaɗe da zuciya a sanyaye, tana cewa duk garin nan Delphine ce kaɗai mai hankali.

'Yar auta ce a gidan wani manomi mai tulin 'ya'ya, kuma ita da kanta takan ce a teburin cin abincin gidansu ta koyi rabin sana'arta: wanda ya goyi bayan wani a faɗan yayye shi ke kwana da kumburarren kunne, wanda ya gyaɗa wa kowa kai shi ke samun cinyar kaza. Ta yi makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya, ta tafi Omaha ta koyi riƙe almakashi, ta dawo ta auri Emil Vrba, makanikin tarakta, mutumin da in ya ce "ina kwana" da "sai da safe" a rana ɗaya to ya yi surutu. 'Yarsu ɗaya ce, ta gama makaranta ta yi aure a wata jiha. Da haka rayuwar Delphine za ta tafi lami lafiya, ba don rigimar makaranta ba.

A farkon shekarun 1960 mahukuntan ilimi na jiha suka fara matsa wa ƙananan garuruwa lamba su haɗe makarantunsu. Mu aka ce mu haɗe da Eskil, garin da ke gaba da mu a kan titi ɗaya. To mu jikokin mutanen Cek ne, 'yan Katolika. Su kuwa jikokin mutanen Suwidin ne, cocinsu daban, kofinsu ruwa-ruwa, dariyarsu sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ƙungiyar ƙwallon kwandonmu Zakarun Brasna, tasu Dilolin Eskil, kuma tun zamanin kakanni ba a tashi wasa tsakaninmu ba a fasa wa wani leɓe a wurin ajiye motoci ba.

Kwamitin makaranta shi ne sarautar garinmu. Shi ke ɗaukar malami, shi ke kora, shi ke yanka harajin makaranta, shi ke cewa a gyara rufi ko a ƙara bokiti a ƙarƙashin yoyo. Jagoran masu cewa a'a a cikinsa shi ne Rudy Hlavac mai kiwon aladu, ƙato mai sanƙo, wanda a samartakarsa ya jefa ƙwallon da ta kayar da Eskil, bai kuma bar kowa ya manta ba. Kullum maganarsa ɗaya: "A haɗa zakara da dila a akurki ɗaya? Ko jariri ya san wanda zai fito da safe." Jagoran masu cewa e shi ne Alvin Prochaska mai kantin magani, siriri mai tabarau, wanda ke cewa yaran Brasna suna gama sakandare ba su taɓa shiga ɗakin gwajin kimiyya ba, kuma 'yan ajin ƙarshe na bana duka za su shige motarsa har a sami wurin kare. Kujerun kwamitin biyar ne, biyu na Rudy, biyu na Alvin. Na biyar ɗin wani tsoho ne da ya gaji da jan da ake masa ta hannu biyu, ya sayar da gonarsa ya koma Arizona wurin ɗansa, ya ce wai ciwon gwiwa ne.

Sai aka shiga neman wanda zai hau kujerar. Matar Rudy ta ce wa mijinta, "Me kuke wahalar da kanku? Ku tsayar da Delphine. Jiya na ce mata gara makarantar ta rushe a kanmu da a kai yaranmu Eskil, ta ce ai kuwa. Tamu ce." A makon nan matar Alvin ta ce wa nata mijin, "Delphine tana tare da mu. Na ce mata girman kai ne ke kashe garin nan, sai da ta ajiye almakashi ta ce ai kuwa."

Kowane ɓangare ya aiko mata a ɓoye, ta ƙofar baya, kowanne ya roƙe ta kada ta faɗa wa ɗaya ɓangaren. Ta yi alkawari, ta kuma cika. Ita kanta abin ya ɗan kwanta mata. Shekara da shekaru tana jin ra'ayin kowa, ba wanda ya taɓa tambayar nata, ga shi yanzu za a ba ta kujera da suna a rubuce a gabanta. Bayan haka, zaman kwamiti zai raba ta da shirun Emil ko da yamma ɗaya ce a wata.

Ta ci zaɓe irin cin da ba a taɓa gani ba a Brasna. Da yammar ranar mutanen Rudy suka taru a ƙarshen mashayar garin suna ɗaga kofuna, mutanen Alvin a ɗaya ƙarshen su ma suna ɗagawa, kowane ɓangare yana mamakin yadda ɗayan ya karɓi kaye da fara'a haka. Can Rudy ya ga ya kamata ya nuna dattako, ya tako ya dafa kafaɗar Alvin.

"Alvin, sai haƙuri. Haka zaɓe yake, yau gare ka gobe ga wani."

Alvin ya gyara tabarau. "Ikon Allah. Ni da nake shirin zuwa in ba ka haƙuri?"

Suka tsaya suna kallon juna. Sannan suka juya tare suka kalli Emil, wanda ke zaune a tsakiya shi kaɗai da kofinsa.

Rudy ya ce, "Emil, tsakani da Allah, matarka wane ɓangare take?"

Emil ya kurɓa, ya goge baki. "Ku tambaye ta. In ta faɗa muku, ku zo ku faɗa mini. Ni ma tun ranar aurenmu nake jira."

A zaman farko, a ɗakin karatu na makarantar, kan kujerun yara waɗanda Rudy ke zama a kansu kamar giwa a kan turmi, aka kawo maganar haɗewa. Hannu biyu suka tashi, hannu biyu suka ƙi. Delphine tana ta saƙar safa.

Alvin ya ce, "Misis Vrba, ke muke jira."

Ta ɗago. "Ni baƙuwa ce a nan, Mista Prochaska. A ba ni wata guda in yi tunani."

Washegari da sassafe ta buɗe ƙofa ta tarar da cinyar alade kyafaffiya a kan dakali, an naɗe ta da jarida, ba suna. Kafin azahar yaron kantin magani ya tsallako da kwalbar man shafawa mai ƙamshi, wai an aiko musu ne ta yi yawa. Da dusar ƙanƙara ta zuba, mutanen Rudy suka zo da shebur suka share mata ƙofar gida. Mutanen Alvin suka iso a makare, suka rasa abin sharewa, suka hau suka share rufi. Matan ɓangarorin biyu suka shiga gasar gashin burodi mai zaƙi, kowacce da irin 'ya'yan itacen da take cusawa a tsakiya, har Emil ya ƙara huda a bel ɗinsa. Wata ya cika, aka zauna, Delphine ta ce tunanin ya yi nisa amma bai nuna ba tukuna, a ƙara mata wani watan.

A wata na uku ne Rudy da kansa ya shigo shagon, ya cire hula, ya zauna a kujerar mata, gwiwoyinsa suna taɓa madubi.

"Aski nake so, Delphine."

Ta zagaya kan nasa tana dubawa, yana ƙyalli kamar ƙwarya sabuwar wanki. "Wanne daga ciki, Rudy? Na hagu ko na dama? Gashi guda biyu nake gani."

Matan da ke jira suka kwashe da dariya. Rudy ya daure, ya zauna ta yi ta kaɗa almakashi a iska kusa da kunnensa, shi kuwa yana ba ta labarin yadda garin da ya rasa makaranta ke mutuwa: da farko bas ya kwashe yara, sai iyaye su fara sayayya a can, sai kanti ya rufe, sai coci ya zama na tsofaffi. Ta ce, "Ai kuwa," ta karɓi kuɗin aski cikakke, ya fita yana shafa kai yana murmushi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan karon ba wayo kaɗai take yi ba. Daɗin naman tana jinsa, ba ta taɓa musa wannan ba, amma da gaske ta rasa inda za ta faɗa. Maganar Rudy ta shige ta. Haka kuma maganar wata bazawara da ɗanta ke son zama likita, ga shi malamin lissafi shi ke koyar da kimiyya, shi ke horar da 'yan ƙwallo, shi ke kunna tukunyar ɗumama ɗakuna. Haka kuma maganar wata matar manomi daga can ƙarshen hanya, wadda 'yarta ƙarama ke amai a bas tun kafin a iso Brasna, balle a ce Eskil. Kowacce ta yi magana sai Delphine ta ga tana da gaskiya. Da can wannan bai taɓa damunta ba, tun da ba wanda ke jiran ta ɗaga hannu.

Da bazara ta shigo sai ga mutumin jiha, wakilin mahukuntan ilimi, wani mai ladabi da kwat mai ruwan toka da taswira a hammata. Ya yi wa kwamitin bayani a hankali cewa in garuruwan biyu ba su daidaita kafin kaka ba, akwai shirin a gina babbar makaranta ɗaya a mararrabar hanya, a tsakiyar masara, a rufe ta Brasna da ta Eskil duka, a haɗa har da wasu garuruwan. Kwamiti ɗaya ne zai riƙe ta, kuma Brasna za ta yi sa'a in ta sami kujera guda. Aski ya zo gaban goshi.

Ranar Laraba Delphine ta rataye allon "an rufe", ta ɗauki a-kori-kurar Emil, ta kama hanyar Eskil. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa bari hannun wata ya taɓa gashinta ba, wanzami ba ya son jarfa, amma ran nan ta shiga shagon Signe Sandahl, mai gyaran gashin garin, ta zauna. Signe doguwa ce, busasshiya, mai bakin da ba ya ɓarnar kalma. Mijinta shi ne shugaban kwamitin makarantar Eskil, kuma kowa ya san in Mista Sandahl ya buɗe baki muryar matarsa ke fitowa.

Signe ta ɗaga wani sashe na gashin da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera. "Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Ni na yi."

"Na sani. So nake in ji kin faɗa da bakinki."

"Ke kuma wa ke yi wa matan garin nan? Na ga biyu a hanya, na ɗauka iska ce ta buge su."

Signe ta dube ta ta madubi. Sannan ta je ta murɗa makullin ƙofa, ta zuba kofi a kofuna biyu. "Faɗi abin da ya kawo ki, Misis Vrba. Ba gashi ba ne."

A nan Delphine ta ji abin da ba wanda ya taɓa faɗa a Brasna: su ma mutanen Eskil a rabe suke, su ma tsoro suke ji. Suna da sabon gini da ɗakin kimiyya, amma filin wasansu ƙarami ne har mai jefa ƙwallo kan buga gwiwar hannu a bango, kuma suna ganin 'yan Brasna masu hayaniya za su zo su cinye su da surutu. Su ma mutumin jiha ya nuna musu taswirarsa.

Delphine ta ce, "Ƙananan yara kowane gari ya riƙe nasa. Ba na son a jijjiga mai shekara shida a bas."

"Na yarda. Manya su zo nan."

"Su zo. Amma duk wasan ƙwallo a Brasna za a yi."

"Duka? Maigidana zai faɗi sumamme."

"Ki yayyafa masa wannan kofin naki, ai ruwa ne."

Signe ta kusa yin dariya, ta danne. "To kujerun kwamiti rabi da rabi. Shugabanci kuma karɓa-karɓa."

"Mu za mu fara."

"Mu za mu fara, tun da kun kwashe ƙwallo."

Suka yi ta ja har kofin ya huce. Delphine ta dawo gida da yamma da sabon gyaran gashi wanda, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba, ya fi nata kyau. Emil ya dube ta ya ce, "Mai ya ragu a motar." Iyakar abin da ya ce ke nan.

An yi babban zaman a filin wasan makarantar saboda duk garin ya zo, har masu jarirai. Mutumin jiha ya rataye taswirarsa. Rudy ya yi magana har jijiyar wuyansa ta tashi, Alvin ya yi magana har tabaransa suka yi gumi. Aka zo ƙuri'a, biyu da biyu. Delphine ta ajiye saƙa, ta miƙe, ta zayyana shirin da suka ƙulla da Signe tun daga farko har ƙarshe, ta ƙara da cewa kwamitin Eskil ma a daidai wannan lokacin yana jin irin wannan magana daga bakin Mista Sandahl.

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Alvin ya ce wannan ba haɗewa ba ce, faci ne, za a ci gaba da ɗumama tsofaffin gine-gine biyu. Rudy ya miƙe, kujerarsa ta faɗi.

"Kin sayar da manyan yaranmu ga Eskil! Delphine, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina naman aladena?"

"Ya yi daɗi, Rudy, Allah ya ƙara albarka a garke. Askin kuma ai na yi maka, kowa ya gani."

Dariya ta tashi daga benen 'yan kallo, har wasu daga mutanensa. Ta jira ta lafa, sannan ta juya ga Alvin. "Mista Prochaska, in ba ka ɗaga wa shirina hannu ba, zan bi Rudy, a zauna yadda ake, yaron bazawarar nan ya koyi likitanci a wurin mai horar da 'yan ƙwallo." Ta juya ɗaya gefen. "Kai kuma Rudy, in ba ka ɗaga ba, zan bi Alvin, a kwashe har 'yan aji ɗaya, ƙwallon ma a koma bugawa a Eskil. Ko kuma duk mu zauna mu jira wannan bawan Allah ya gina mana tasa a cikin masara."

Mutumin jiha ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa.

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ai ba zai yiwu ki bi su duka biyun ba!"

"Wata nawa ina yi, ka ga na gaza?"

Alvin ne ya fara ɗaga hannu, a hankali, kamar mai miƙa wa likita hannu a yi masa allura. Abokinsa na kwamiti ya bi. Rudy ya tsaya yana huci, ya dubi kwandon ƙwallon da ke rataye a saman kansa, ya tambaya ko da gaske duk wasanni a nan za a yi. Aka ce duka. Ya ɗaga hannu yana kallon bango.

Haka aka haɗe, jiha kuma ta naɗe taswirarta. Sai rigimar suna ta taso, ko Brasna-Eskil ko Eskil-Brasna, wadda ta fi ta farko zafi. Da aka gaji, Delphine ta ba da shawara a rubuta ɗaya a gefen hagu na bas, ɗaya a gefen dama. Direban ya sha wahala, domin dole ya shiga kowane gari ta hanyar da gefen da ya dace zai fuskanci kantuna, kuma ranar da ya yi kuskure sai da aka kira zaman gaggawa. Zakara da dila kuwa duka aka yi musu ritaya. Yaran da kansu suka zaɓi sunan Guguwa, manya suka ce ba shi da ma'ana, yaran suka ci kofin gunduma da shi a shekara ta biyu.

Da wa'adinta ya cika, Rudy da Alvin suka yi abin da ba su taɓa yi ba tun suna yara: suka haɗa kai. Suka tsayar da mutum ɗaya, suka bi gida gida tare a mota ɗaya. Delphine ta sha kaye irin wanda shi ma ba a taɓa gani ba a Brasna. Ƙuri'unta ba su cika tafin hannu ba. Ta dawo gida ta zauna a kicin, abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata, har ta share ido da gefen rigar girki. Can ta dubi Emil.

"Kai dai ka zaɓe ni ko?"

Emil ya daɗe yana tauna. "Likita ya ce in rage ƙiba. Kujerarki kuwa burodi take jawowa."

Ta jefe shi da tawul. Daga baya ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Matan garin ma suka yi mata yaji. Suka ce ba za su ƙara kai kansu wurin maciyar amana ba, suka riƙa cika mota suna tafiya Eskil wurin Signe. Abin da ba su lissafa ba shi ne matan Eskil su ma sun yi wa Signe yaji saboda ta sayar da ƙwallo, suna cika mota suna zuwa Brasna wurin Delphine. Ran Asabar motocin kan yi kiciɓis a hanya, kowace mace ta duƙar da kai kamar tana neman wani abu a jaka. Delphine da Signe kuwa sukan yi waya da yamma su yi musayar labari, har da gargaɗin wadda ba ta son ruwan zafi da wadda ke da tabo a ƙeya. Kafin shekara ta zagayo kowa ta gaji da ƙona mai ta koma inda ta saba, amma wasu 'yan Eskil sun riga sun ɗanɗani burodin Brasna, wasu 'yan Brasna sun ga samarin Eskil ba su da ƙaho. Aure na farko tsakanin garuruwan biyu, Delphine ta gyara amarya, Signe ta gyara uwar ango.

Ba ta sake neman kujera ba. Ta ci gaba da sana'arta har yatsunta suka fara ƙin riƙe almakashi. Emil ya rasu, Alvin ya rasu, kantin magani ya rufe. Gonaki suka yi ta girma, gidaje suka yi ta raguwa, domin tarakta ɗaya yanzu tana aikin iyali goma. A shekarun 1990 kwamitin ya kawo maganar rufe firamaren Brasna, tun da yaran da suka rage ba su cika aji biyu ba. 'Yan kwamitin duk yaran makarantar haɗaka ne, wasunsu uwa Brasna uba Eskil, ba su ma gane abin da ake jin zafi a kai ba.

Ran zaman Delphine ta zo da sandarta, ta zauna a layin gaba kusa da Rudy, wanda ya rame ya zama kurma rabi. Wannan karon ba ta nemi lokacin tunani ba. Ta miƙe ta wanke su tas, ta kira kowanne da sunan uwarsa, ta tuna wa shugabar kwamitin ranar da aka kawo ta shago tana kuka an liƙa mata cingam a gashi. Suka saurare ta da ladabi, suka ce, "Mun gode, Anti Delphine," suka ɗaga hannu aka rufe makarantar. Aka sa ranar gwanjon kayan ciki.

A bakin ƙofa Rudy ya ce da ƙarfi, irin na kurame, "Har ƙararrawar za su sayar! Wani mai gidan abinci daga birni ke so, wai ado!"

Delphine ta dubi tsohuwar ƙararrawar tagulla da ke kan ginshiƙinta a gaban makarantar. "Taraktarka mai cokalin ɗaga kaya tana tashi?"

"Me?"

"Na ce taraktarka tana tashi!"

Ranar Asabar da rana tsaka, lokacin da duk garin ya tafi kallon wasan Guguwa a wata gunduma, tsofaffin biyu suka zo da tarakta da sarƙa. Rudy yana tuƙi, Delphine tana tsaye da sanda tana nuna masa hagu da dama, shi kuma ba ya ji. Sai da suka karya reshen bishiya da rabin shingen makarantar, amma kafin la'asar ƙararrawar tana rataye a bayan gidan Delphine, tsakanin igiyar shanya da bishiyar tuffa.

Ɗan sandan gunduma ya zo ran Litinin, ya cire hula a bakin ƙofa.

"Anti Delphine, an ce ƙararrawar makaranta ta ɓata. Ko kin ga wani abu?"

"Idona ya mutu, ɗana. Shigo ka sha kofi."

Ya shiga, ya zauna a kicin, ƙararrawar tana kallonsa ta taga. Ya sha kofinsa, ya ci burodi biyu, ya juya kujerarsa ta ba tagar baya, ya ce zai ci gaba da bincike.

Binciken bai yi wuya ba ga sauran mutanen gari, domin tun daga washegari kullum da safe, daidai lokacin da ake shiga aji a da, Delphine kan fito da rigar barci ta ja igiya. Kwamitin makaranta ya ce ƙararrawar tasa ce. Majalisar gari ta ce ai mutanen Brasna ne suka saye ta tun kafin a san wani kwamitin haɗaka, saboda haka tata ce. Maƙwabcinta mai aikin dare ya ce shi ko ta wa ce a rufe mata baki. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarin, ya zauna, ya ɗage, ya sake zama. Delphine ta rasu wata safiya cikin kaka, tana da shekara tamanin da ɗoriya, maganar tana nan a gaban ƙaramin kwamitin ba a yanke ba. Maƙwabcin ne ya fara sanin wani abu ya faru, domin ya farka da kansa a lokacin da ya saba tsine wa ƙararrawar, ya ji shiru, ya sa takalmi ya tsallaka ya ƙwanƙwasa ƙofa.